Ambulan da Aka Liƙe da Shinkafa

Ranar huɗu ga sabuwar shekara, da hantsi, Likita Kanbe ta sauko daga motar birni, ta buɗe ɗakin magani na asibitin Ashidani, ta tarar an riga ta shiga.

Abin da ya katse mata hutu kuwa, tsoho Rokuro ne ya yanke jiki ya faɗi jiya da yamma, leɓɓansa sun mutu, zuciyarsa tana tsalle, aka sauka da shi babban asibiti. Rokuro yana cikin tsofaffi arba'in masu ciwon gwiwa da likitar take gwaji a kansu tun shigowar sanyi. Kowa ana tsira masa siraran allurai sau biyu a mako. Bayan allura, rabi ana ba su garin saiwoyi na gaske, rabi ana ba su wani gari mai kala da ɗaci iri ɗaya amma ba komai a cikinsa, don jami'ar da ta turo ta ta gane ko maganin ne yake aiki ko sa rai ne kawai. Ba wanda ya san rabonsa, har ita kanta. Gaskiyar kowa tana cikin ambulan mai lambarsa, a rufe, ba a buɗewa sai rai ya shiga haɗari.

Ta zaro lamba sha bakwai, ta Rokuro. An buɗe ta, an mayar an liƙe da dafaffiyar shinkafa da aka murtsuke da yatsa. Haka sha takwas, haka sha tara. Daga kwalin magani mai lamba sha tara an kwashe ƙunshi ashirin.

Takardar Rokuro ta ce garin banza yake sha; ta mai lamba sha tara ta ce na gaske ne.

Kafin rana ta take tsaka gari ya gama shari'a. Tunda ba magani ba ne, allura ce. Mai allura kuwa Malam Iwase ne, makaho, ɗan bakin teku, shekararsa uku kacal a garin, ɗakinsa a jikin asibiti. A Ashidani in ba a binne kakanka a bayan tudu ba, baƙo ne kai ko ka yi furfura.

* * *

Mai gari Noboru ya sami Tatsuzo a ƙofar gida yana wasa wuƙa. Tatsuzo maharbin aladen daji ne, shekara sittin da biyar, in alade ya ratsa gona shi ake kira ya faɗi nauyinsa da inda ya nufa. Rokuro mijin yayarsa ne, Sumie.

"Akwai sawu a bayan asibiti," in ji Noboru, "da ramukan sanda a gefe. Ka je ka duba, ka zo zauren gari ƙarfe huɗu ka faɗa wa mutane. Ƙarfe biyar mota tana tashi, da makahon a ciki."

"In duba, ko in faɗa? Aiki biyu ne."

"Kai dai ba ka taɓa amsa magana a miƙe ba. Mijin yayarka ne yake kwance."

"Ɗan sanda fa?"

"Yaushe muka fara kiran ɗan sanda a kan abin cikin gida? In takarda ta shiga, jami'a ta janye likitarta, asibiti ya koma rumbun dankali. Makaho ya tafi shiru, magana ta mutu."

Tatsuzo bai da dalilin tausaya wa Iwase. Bara a gaban mata shida, makahon ya ɗora hannu a bayansa ya ce, "Wannan ba ciwon baya ba ne, giyar safe ce." Matan sun yi mako suna dariya. Tatsuzo ya ajiye wannan a inda yake ajiye irinsu. Ya sa takalmi.

* * *

Dusar ƙanƙara ta zuba jajibirin sabuwar shekara ta tsaya, sanyi ya riƙe ta har yau, komai yana nan kamar an rubuta. Daga yadda sawun ya daskare, Tatsuzo ya gane na safiyar sabuwar shekara ne. Sawun ya fito daga wajen gada, ya zaga bayan asibiti, ya tsaya a ƙofar baya mai zamewa gefe, wadda duk wanda ya haura hamsin ya san ana ɗaga sakatarta da bakin wuƙa tun ginin yana makaranta.

Likita Kanbe ta tsaya a bayansa ta rungume hannu. "Na gaya wa mai gari alamomin Rokuro na saiwar bushi ne. Tana cikin maganin, kaɗan tana ɗumama jiki, in ta yi yawa tana tsayar da zuciya. Ya ce in bar musu garinsu."

"Ki ja baya, Likita, kina taka mini shaida."

Takalmin roba ne babba, na namiji, irin wanda kowa ya saya a kantin manoma. Tatsuzo ya tsuguna ya sa yatsa a cikin sawu. Dunduniya ta nutse, wajen yatsu bai nutse ba, kuma kowane taku ya ja ƙanƙara a baya. Ƙafar da ke ciki ba ta cika takalmin ba.

A kan dutsen bakin ƙofa ya ga abin da ya sa shi tsaki. Sawu biyu a jere, kafaɗa da kafaɗa, sun juya baki waje. Ɓarawon ya cire takalmi kafin ya hau tabarma, har ya juya shi yadda uwa take koya wa ɗanta in zai shiga gidan mutane.

"Ɓarawo mai tarbiyya," in ji shi.

Sai ramukan sanda. Suna gefen ƙafar hagu, kowanne ya nutse kamar tsawon yatsa.

* * *

Malam Iwase yana zaune a ɗakinsa, allurai a jere a kan farin ƙyalle, yana mayar da su cikin akwati ɗaya bayan ɗaya. An jefi tagarsa da dutse, ya toshe da kwali.

"Maharbi ne," ya ce tun kafin Tatsuzo ya yi magana. "Yau ba ka sha ba. Lallai abin ya yi tsanani."

"Bakinka ne zai kore ka daga garin nan, ba allurarka ba. Ina kake safiyar sabuwar shekara?"

"Nan. Gari duk ya hau tudu wurin bauta, ba wanda ya ce in zo."

"Ka ji motsi?"

"Na ji."

"Na wa?"

Iwase ya rufe akwati. "In na faɗi suna, wa zai yarda? Makaho ya ga ɓarawo? Ku kuka haifi junanku, ku kuka auri junanku, ku nemo abinku."

"Tashi ka yi tafiya a tsakar gida."

"Ni dokinka ne?"

"Tashi, ko in tafi in bar ka da Noboru."

Ya tashi yana gunaguni. Farar sandarsa tana gaba, tana share ƙanƙara dama da hagu, tana barin ƴan layuka kamar an ja tsintsiya. Ba rami ko ɗaya. Makaho tambayar ƙasa yake yi da sandarsa. Wanda ya huda ramukan can jingina yake yi, don gwiwarsa ta hagu ba ta ɗaukarsa.

Tatsuzo ya yi dariyar takaici. Masu ciwon gwiwa arba'in ne a takardar likita kaɗai.

* * *

Ya biya gonar Denji, mai noman saiwoyi, don shi ne ya rantse a bainar jama'a sai ya ga bayan gwajin nan, ranar da likita ta ƙi saiwarsa ta ce ƙarfinta ba ya zama ɗaya. Denji yana ɗingishi da hagu, kuma bai hau tudu ba.

"Ni?" in ji Denji, yana juya saiwoyin da ya rataye a rumfa. "Ni zan saci garin kwali? Ubana ya warkar da rabin garin nan da hannunsa, ba ambulan, ba lamba. Yanzu yarinya ta zo tana ba tsofaffi garin banza da gangan, kuna ce mata Likita. Ku ne ɓarayi, da kuka yarda."

"Me ya hana ka hawa tudu?"

"Zawo. Kana son ka bi sawunsa? Yana bayan rumfa."

"Cire takalminka."

Denji ya cire ya wurga masa, takalmin ya faɗi a kife. Ƙafar da ta fito faffaɗa ce kamar faranti, ta cika shi har ta buɗe masa gefe. Tatsuzo ya dubi ƙofar gidan, takalma huɗu a watse, kowanne ya nufi gabansa.

"Kai ko gidan sarki ka shiga ba ka jera takalmi," ya ce, ya juya.

"Ka gaishe da makahonku!" Denji ya ɗaga murya. "Ku kore shi, ku haɗa da ita!"

* * *

Ya koma bayan asibiti ya bi sawun a baibai, zuwa inda ya fito. Ya san a gada zai ɓace, don motar share hanya ta wuce can. Amma kafin gada, a gindin itacen al'ul, akwai ɗan Jizo, gunkin dutse irin wanda ake kafa wa yaron da ya mutu, da jar hularsa ta saƙa.

A zuwa, sawun ya bar tsakiyar hanya ya tsaya a gaban dutsen, ƙafa biyu a haɗe, sanda a kafe. An kakkaɓe ƙanƙarar kan hular, an gyara mata zama. Mutane da yawa suna sunkuyar da kai in sun wuce, wannan ba komai ba ne.

Dawowar ce ta tsayar da shi. Taku ashirin kafin dutsen, sawun ya sauka daga hanya, ya faɗa ƙanƙara mai kai wa cinya, ya zaga ta bayan itacen, ya hau hanya can gaba. A wuri ɗaya mai sawun ya faɗi, ga shatin gwiwa, ga shatin tafin hannu ƙarami. Mutum mai ciwon gwiwa, ga hanya a share, ya zaɓi wannan wahala don kada ya wuce ta gaban dutse da kayan sata a ƙirjinsa.

Tatsuzo ya daɗe a tsaye. Shi ya ɗauko dutsen nan a bayansa daga wurin masassaƙi shekara arba'in da suka wuce, bayan kogi ya ci Shoichi yana ɗan shekara biyar. Duk shekara da kaka uwar yaron take saƙa masa sabuwar hula. A duk Ashidani mutum ɗaya ne yake jin kunyar idon wannan dutse.

* * *

Sumie tana tsugune a gaban murhu tana ɗaure kayan da za a kai wa mijinta. Ƴar ƙaramar tsohuwa ce, ta girmi Tatsuzo da shekara takwas, ita ta goya shi bayan uwarsu ta mutu, kuma ba ta taɓa bari ya manta ba. Sandarta tana jingine a bango. Takalmin Rokuro yana bakin ƙofa, a jere, ya juya baki waje.

"Yaya, ba ki hau tudu ba ranar ɗaya ga wata."

"Da wace gwiwar? Ka ci abinci?"

"Na je wurin Shoichi."

Hannunta ya tsaya a kan ƙullin. Ba ta ɗago ba.

"Ƙunshi nawa kika ba shi?"

"Ban san me kake faɗa ba."

"Likitocin birni suna lalube a duhu. In sun san abin da ya sha, sun san abin yi."

"Makaho ne ya soke shi a wuya, kowa ya sani." Ta ja ƙullin da ƙarfi. "Tatsu, ni na wanke maka kashi. Ni na bar makaranta don ka ci ka ƙoshi. Ranar da matarka ta tafi, a gidan wa ka ci abinci shekara biyu? Yau za ka tsaya a zaure ka zaɓi ɗan bakin teku a kaina?"

"Ki faɗa da bakinki, ya fi sauƙi."

"Fita mini daga gida."

* * *

Ƙarfe huɗu zaure ya cika. An zaunar da Iwase a tsakiya, jakarsa a gefensa, wani ya riga ya ɗauko masa ita. Likita Kanbe tana bakin ƙofa, ba wanda ya matsa mata. Denji ya harɗe a gaba kamar ya zo kallon kokawa. Sumie tana cikin mata.

"To, Tatsuzo," in ji Noboru. "Akwai sanda ko babu?"

"Akwai."

Zaure ya ɗauki guna-guni. Wata ta ce, "Mun faɗa!"

"Ba tasa ba ce. Tasa shara take yi, wannan huda take yi. Mai ita yana jingina a hagu, ba shi da nauyi, ya aro takalmin da ya fi ƙafarsa."

"Kai aka aika ka duba, ba ka yi mana wa'azi ba," in ji wani daga baya. "Ko makahon ya saya maka kwalba?"

"In ba shi ba ne, wane ne?" in ji Noboru, fuska a murtuke. "Ka kama suna, ko ka zauna."

Tatsuzo ya dubi yayarsa. Ita bango take kallo. Ya ba ta lokacin da mutum zai ja numfashi uku, bai ƙara ba.

"Mai sawun ya tsaya ya gyara wa Jizon bakin gada hula a zuwa. A dawowa ya zaga ta bayansa cikin ƙanƙara har ya faɗi. Sawun yana nan, duk mai ƙafa ya je ya gani kafin duhu."

Bai kama suna ba, ba a kuma buƙata. Matan da ke gefen Sumie suka ja jikinsu kaɗan kaɗan, har tabarma ta bayyana a kewayenta.

Ta dafa sanda ta miƙe, kuma ba Tatsuzo ta fuskanta ba, likita ta fuskanta.

"E, ni ce. Ku daina zare mini ido. Mako takwas ina dama wa mijina gari safe da yamma, ina ce masa daure, za ka taka. Mijin maƙwabciyata Kinu ya fara hawa matakala, nawa sai rarrafe yake zuwa bayan gida. Na buɗe na gani, garin banza! Ke kika dube ni a ido kika miƙo mini, kina murmushi."

"Iya, ni ma ban sani ba," in ji likita. "Na yi muku bayani tun farko, kun sa hannu. Bayan wata uku kowa zai samu na gaske."

"Wata uku! Ke shekararki nawa? Shi tamanin saura biyu. Haƙƙinsa na ɗauko masa, mako takwas da aka hana shi."

"Nawa kika ba shi?"

"Uku da safe, uku da yamma. Ya cim ma sauran."

"Kwana nawa?"

"Uku. Saura ƙunshi biyu, suna cikin tukunyar shinkafa."

Likita ta fice da gudu tana danna waya. Denji ya bushe da dariya. "Ga iliminku nan! Da saiwata ce..."

"Rufe mana baki," in ji Noboru.

"Da ya faɗi," in ji Tatsuzo a hankali, "me ya sa kika ce allura ce, Yaya?"

Sai a lokacin ta dube shi. "Shi yana da inda zai koma. Ni nan za a binne ni." Ta ɗaga sanda ta nuna shi. "Kai kuma daga yau ba ni da ƙane. Ko gawata kada ka ɗauka."

Ta ratsa mutane ta fita. A bakin ƙofa ta zura takalmi, ba wanda ya miƙa mata hannu.

* * *

Likita ta dawo ta ce asibiti sun ji, sun canja magani, sun ce a jira zuwa gobe. Gwajin kuma sai yadda jami'a ta ce, don ambulan uku sun lalace. Duk idanu sun koma kan jakar da ke gefen Iwase.

Noboru ya gyara riga, ya zo gaban makahon, ya durƙusa, ya dafa tabarma da hannu biyu, ya kai goshinsa ƙasa. Dattawa suka bi shi, sannan mata, har ba a ganin komai a zaure sai bayan mutane. A Ashidani wannan shi ne ƙarshen ban haƙuri. In mai gari ya yi shi, magana ta ƙare, ba a sake tayar da ita, kuma daɗinsa ba sai an furta komai ba.

Suka daɗe a haka. Gwiwoyi suka fara ƙara. Iwase yana zaune, hannu a kan cinya.

"Me ya faru?" ya ce. "An watse ne?"

Tatsuzo, wanda shi kaɗai ne a tsaye, ya ce, "Sun sunkuya maka. Goshi a ƙasa."

"Au. To ni ban gani ba."

Noboru ya ɗago kai, kunnuwansa sun yi ja. "Malam, ai ka san abin da ake nufi."

"Da kuka ce ni na soke shi, da baki kuka faɗa, na ji kowa, na san muryar kowa. Wanda ya jefi tagata ma ya yi tari, na san shi." Ya jawo jakar ya ɗora a cinyarsa. Daga waje motar ƙarfe biyar ta yi oda a bakin gada. "Mota ta iso. In kuna so ta tafi ba ni, ku faɗa da baki. Ɗaya bayan ɗaya, kowa ya fara da sunansa."

Ba wanda ya motsa. Motar ta sake yin oda.

Iwase ya juya kunnensa wajen Noboru. "Mai gari, kai ne babba. Ina jin ka."